Fito a Ƙarƙashin Barandar Baldomero

Litinin, 5 ga Satumba, da hantsi

An ba mu situdiyon naɗar waƙa. Na rubuta a nan don in gani da idona, tunda kunnena ya daɗe da daina gaskata maganar ofis. Safiyar Talata da safiyar Juma'a har ƙarshen wata, in akwai wuta. Wannan "in" ɗin ya fi sauran jimlar nauyi.

Baldomero Isasi zai yi faifai da sunansa. Mutumin da ya tsufa yana busa saksafon alto a bayan mawaƙan otal-otal na birnin Habana, wanda in ka tattara duk inda aka ji shi shi kaɗai a faifan mutane, ba zai kai tsawon shan kofi ɗaya ba. Ni kuma Nicanor, mai piyanonsa tun muna da gashi, zan zauna inda na saba, a hagunsa, ina gyara masa shimfiɗa, wato kiɗan da yake busa a kansa.

Na je in gaya masa. Ƙararrawar gidansu ta mutu tun kafin a haifi 'yarsa, don haka na tsaya a titi na yi masa fiton nan namu: gajeru biyu, dogo ɗaya mai hawa. Kowane gida a layin da nasa fiton, in ka yi na wani matar wani ce za ta leƙo. Ya leƙo daga hawa na uku ba riga, ya jefo makulli a cikin safa. Safar ma ba ta canza ba.

"Ƙarya kake, Farfesa," in ji shi da na faɗa masa. Farfesa yake ce mini saboda littattafai, ba don girmamawa ba.

"Ka taɓa ganin na hawo benenka don in yi ƙarya? Ƙarya a ƙasa ake yin ta, inda ba haki."

Ya ɗauko guntuwar giyar rake, ya ɗiga ta farko a ƙasa don waɗanda suka riga mu, ya ce ta matarsa Eulalia ce, muka raba sauran. Waƙa shida zai yi, ta ƙarshe tata. Ya ƙaga ta shekarar da ta rasu, bai taɓa busa ta a gaban jama'a ba, bai kuma taɓa rubuta ta ba. Ni shimfiɗar kawai na sani. Karin yana cikin kansa, kuma kullum da sabuwar hanyar da yake bi.

Na ce, "Ka rubuta ta mana, ko don mai kaɗa bas."

Ya ce, "Takarda ta masu mantuwa ce."

Da zan tafi ya tambaye ni yaushe za a fara. Na faɗa. A kan matakala ya sake tambaya. Gajiya ce. Duk garin nan a gajiye yake.

Talata, 6 ga Satumba, da azahar

Mu huɗu a ɗaki ɗaya, Migdalia mai naɗar sauti tana bayan gilashi. Zaren naɗi biyu ne kacal ta samo mana, ɗayan ma sai da ta share waƙar wata ƙungiyar yara da ke kai, Allah ya ba su haƙuri. Ba gyara, ba faci. Tunda duk a ɗaki ɗaya muke, sautin kowa yana shiga na kowa. Abin da ka buga ya bugu, kamar maganar da ta fita daga baki.

Tato mai ganga ya tare ni da, "Farfesa, yau wane littafi ka karya da shi?" Na ce wanda bai kai wandonsa sakwarkwacewa ba. Da igiya yake ɗaure shi yanzu, mutumin da a da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Ulises mai bas, ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, ya gyaɗa kai. Iyakar hirarsa ke nan.

Bari in rubuta yadda Baldo yake busa, don ban taɓa rubutawa ba, ina ganin ai yana nan. Masu alto na yanzu gudu suke kamar kare ya biyo su. Shi a bayan bugu yake tafiya, kamar wanda ya san motar ba za ta tashi ba shi ba. Muryar ƙarfen nasa da ɗan dishi-dishi, sai ka ji iskar kafin ka ji sautin. Sannan ga shirun. Yakan yanke magana a tsaka ya bar ka a rataye, har ka fara jin kunya a madadinsa, sai ya sauko da sauti ɗaya a inda ba ka zata ba, ka ga kuma ba inda ya dace sai nan. Duk mai kiɗan jaz a garin nan ya san shirun Baldomero. Wasu sun kwaikwaya, nasu ya fito kamar an ɗauke wuta.

A waƙa ta biyu, a tsakiyarta, wurin da muke ce wa gada, ya yi shiru.

Na san shirunsa yadda mace ta san tarin mijinta. In da gangan ne, yatsunsa ba sa tsayawa, suna tafiya a kan maɓallai ba sauti, dunduniyarsa tana riƙe da bugu. Yau yatsun sun tsaya. Yana kallon bango kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Na sa fiton a piyano, a hankali, da hannun dama. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Tsohuwar tsokana ce tun zamanin otal, in ya yi nisa da yawo 'yan rawa suna neman faɗuwa, haka nake ce masa ya dawo gida. Ya ɗan zabura, ya dawo kan amshi, muka ƙare.

Migdalia ta danna abin magana. "Maestro! Wannan shirun! Wallahi tsigar jikina ta tashi."

"Haka nake yi, 'yata," in ji shi. Bai dube ni ba.

Waƙa biyu sun shiga.

Laraba, 7 ga Satumba, da yamma

Gajiya ce.

Juma'a, 9 ga Satumba, da hantsi

Ba wuta. Mun zauna a bakin ƙofar situdiyo kamar masu jiran gawa. Baldo ya fito da karansa, siririn nan da ake ɗaurawa a bakin saksafon, yana kankare shi da reza. Sabo ba ya samuwa, tsofaffin yake ta farfaɗowa. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na daɗe ina kallon hannun, na ji sanyi a raina.

Sai ya ce da Tato, "Ka gaishe da babarka."

Mu muka ɗauki akwatin gawarta, har da shi Baldo, bara waccan. Tato ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Za ta ji, Maestro." Bai sake yin barkwanci ba har muka watse. Ban taɓa zaton zan yi kewar barkwancin Tato ba.

Lahadi, 11 ga Satumba, da la'asar

Odalis ta zo. 'Yarsa ce, ma'aikaciyar jinya a garin Holguín can nesa, ni na riƙe ta a coci ranar baftismarta, don haka Kawu take ce mini kuma tana da izinin zagina. Ba ta ko zauna ba.

"Kawu, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Zauna in dafa miki kofi. Rabinsa wake ne, amma waken kirki."

"Kada ka yi mini wannan. Maƙwabciya ce ta yi mini waya. Ranar Alhamis ya fita sayen burodi, a Regla aka gan shi, ya haye ruwa, yana tambayar mutane gidan kakata. Jiya na buɗe firji na tarar da takalminsa."

"Firjin ai ba ya aiki. Gara a yi ajiya a ciki."

Ta dube ni irin kallon da uwarta take yi mini in na kawo shi gida a makare. Sannan ta faɗi sunan ciwon. Da bakinta na asibiti ta faɗa, tsaf, kamar tana karanta kwalin magani. Ba zan rubuta shi ba.

Hutunta zai ƙare ƙarshen wata, za ta tafi da shi. Ta so a tsayar da faifan tun yanzu, kada ya ji kunya a gaban mutane.

Na roƙe ta. Ni da na karanta masu hikimar Girka suna cewa mutum ya riƙe kansa, na kama hannun yarinyar da na goya ina roƙo. Na ce, "Odalis, in ya tafi yanzu me ya rage? Hotuna, da mutane suna cewa da kun ji shi. Nan da shekara kaɗan masu cewar ma sun mutu. Waƙar babarki ba ta ko'ina sai a kansa."

"Shi ya sa nake tsoro, Kawu. In ya neme ta a gaban mutane bai same ta ba fa?"

Na saki hannunta. Ta ba ni har ƙarshen wata.

Bayan ta tafi na ɗauko littafin likitancin da na gada, na karanta shafi ɗaya da rabi, na sa shi ƙarƙashin ƙafar piyano mai ɗingishi, inda zai yi amfani.

Talata, 13 ga Satumba, da azahar

Biyu sun ƙara shiga. Saura biyu.

Ya busa yau kamar ba abin da ya taɓa samunsa a duniya. A wata waƙa mai sauri ma ya yi abin nan nasa, kowa yana gudu shi yana tafe hannu a aljihu, kuma ya riga mu isa. Sau uku na kira shi. Sau ɗaya wataƙila bai bukata ba. Na daina iya bambancewa, ko kuwa tsoro ne ya sa kowane shiru ya zama rami.

Laraba, 14 ga Satumba, da safe

Migdalia ta kira ni in saurari abin da aka naɗa. Ta tsayar da zaren.

"Nicanor, mene ne wannan? Tin-tin-tiiin. Ga shi nan. Ga shi kuma nan. Kowace waƙa sai ka sa. Kaji kake kira?"

"Salo ne."

"Salon ya isa haka. Mutum yana gina shiru kamar coci, kai kana shigowa da ƙararrawar mai keke. Kuma ba ya goguwa, ya shiga makirufon kowa. Don Allah ka bar Maestro ya yi shirunsa. Ai shi mutane za su saya."

Na ce to. Me zan ce? In ce mata rabin cocin nan rami ne? Tana da kunne mai kyau, matar nan, ta fi ni. Abin da ba ta da shi shekarun da na yi ina kallon dunduniyarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na saurara ido rufe, ni ma ban ji bambanci ba. Shirun da ya yi da gangan da wanda ya faɗa ciki, a zare duk ɗaya ne. Duk suna da kyau.

Juma'a, 16 ga Satumba, da hantsi

Ba wuta.

Lahadi, 18 ga Satumba, da yamma

A barandarsa. Odalis ta tafi layin shinkafa. Yau shi ne sosai, har da zagin gwanin wasan domino na ƙasan bene wai ɓarawo ne tun yana yaro. Muna kallon shanyar maƙwabta sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Na san abin da kake yi, Farfesa."

"Ni ma da za ka gaya mini da na gode."

"Kana kira na kamar kare."

Na yi shiru. Nawa shirun ba shi da kyau.

"Ban ce ka yi laifi ba. Wani lokaci ina tsaye a tsakiyar waƙa sai a kwashe titin. Ba gaba ba baya. Sai in ji ka a ƙasa kana fito, in ce to, ga Nicanor, ashe akwai ƙasa." Ya kurɓi kofi. "Amma ban da ta Eulalia."

"Baldo."

"Ban da ita. A tata ba na son kowa ya riƙe mini hannu. In na ɓata ka bar ni in ɓata. Wa ya sani ko a can take."

"In kuma zaren ya ƙare kana tsaye kana kallon bango?"

"Sai ku sa wa faifan suna Bango. Rantse."

"Ni ban yarda da rantsuwa ba, na karanta..."

"Rantse da uwarka, ɗan banza mai littafi."

Na rantse.

Talata, 20 ga Satumba, da azahar

Ta biyar ta shiga, da ƙyar, a ɗauka ta uku. Zare na farko ya cika, na biyu ya yi nisa. Sau ɗaya na kira shi, can ƙasa-ƙasa da hannun hagu, inda na sa rai Migdalia za ta ɗauka bas ne. Ta ɗago kai ta harare ni ta gilashi.

Saura ta Eulalia.

Laraba, 21 ga Satumba, da safe

Na yi fito a ƙasa. Ya leƙo. Ya dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa mai karanta mita.

"Wa kake nema, malam?"

Laraba, da yamma

Odalis ce ta jefo makullin. Ban hau ba. Na ajiye mata shi a matakala ta farko na tafi bakin teku na zauna tare da masu kamun kifin da ba sa kama komai.

Gajiya ce. Gajiya ce. Rubuta shi sau ɗari, Farfesa, kamar yaron da aka tsare a aji.

Juma'a, 23 ga Satumba, da azahar

Akwai wuta. Da ma babu.

Ya buɗe akwatin, ya fito da gangar jikin saksafon, da wuya, da baki, ya jera su a kan kujera yana kallo. Ya ɗauki karan ya juya shi, ya sake juyawa. Migdalia tana gyaran wayoyi, bayanta gare mu.

Tato ya taso daga bayan gangunansa. "Maestro, ba ni in gani mana. Shekara nawa ina roƙonka in taɓa tsohuwar nan kana hana ni, kamar zan gudu da ita." Yana surutu yana haɗawa. Ya lashi karan, ya ɗaura, ya ɗaure, ya rataya masa a wuya. Ban san Tato ya iya ba. Ashe shi ma kallo yake ta yi daga baya.

Da ƙarfen ya taɓa bakinsa sai hannun ya tuna. Na ba shi shimfiɗar Eulalia. Ya shiga da kyau, amma waƙa ta biyu ya busa, wadda muka riga muka naɗa. Muka bi shi, me za mu yi. Migdalia ta tsayar da zare.

"Maestro, wannan ai mun yi ta."

"Mun yi? To ta yi kyau?"

Ta yi dariya. Ita kaɗai. Sai ta duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu. Ta daɗe tana kallon na'urarta, sannan ta ce wata waya tana ba ta matsala, a bari sai Talata. Ba abin da ya sami wayar.

A bakin ƙofa ta ce da ni a hankali, "Tin-tin-tiiin ɗin nan."

Na ce, "I."

"Ka sa shi duk inda kake so."

"Ban da wannan. Na rantse."

Lahadi, 25 ga Satumba, da hantsi

Na gwada busa karin Eulalia da baki, don in rubuta abin da na tuna. Layi biyu na samu, kuma a takarda sun yi kama da kowace waƙa. Kamar ka zana mutum da ƙashinsa kawai. Ba a sautukan take ba. Tana cikin inda yake jinkiri, da inda iskar take karyewa.

Na yaga.

Talata, 27 ga Satumba, da safe

Ba wuta. Na zagi sandar lantarki a bainar jama'a. Wata tsohuwa ta ce, "Ƙara masa, ɗana, har da nawa."

Alhamis, 29 ga Satumba, da yamma

Odalis ta sami tikitin jirgin ƙasa, Asabar. Ta fara ɗaure kaya. Ta tambaye ni ko ta tafi da saksafon ɗin. Na ce ta tambaye shi. Ta ce ta tambaya, ya ce na wa.

Gobe ce kawai. Migdalia ta ce zaren da ya rage na ɗauka ɗaya ne, in ba a yi dogon yawo ba.

Ban iya addu'a ba, na daɗe da karanta kaina daga cikinta. Amma na ɗiga ruwan kofi a ƙasa na ce, Eulalia, mijinki ne, ki san yadda za ki yi.

Juma'a, 30 ga Satumba, da la'asar

Bari in bi shi daki-daki.

Akwai wuta. Odalis ta kawo shi, ta zauna a bayan gilashi kusa da Migdalia. Ya sa farar rigarsa ta fita kunya. Ya gaishe ni da hannu, cikin ladabi, ban san ko ya san ni ba, ban kuma tambaya ba. Tato ya haɗa masa ƙarfen yana ba shi labarin wata bazawara a unguwar Marianao.

Jar fitilar naɗi ta kama. Na shimfiɗa, a hankali, yadda nake yi masa a ɗakinsa. Ya tsaya ido rufe har na zagayo. Na ce a raina shi ke nan. Sai na ji iskar. Iskar tukuna, sannan sautin.

Ita ce. Ya same ta. Ya busa amshin kamar mai magana da wadda ke ɗaki na gaba tana guga, ba ɗaga murya, don ya san tana ji. Ulises ya sunkuyar da kai a kan bas. Muka shiga gada.

Ya yi layi ɗaya, ya hau, ya tsaya.

Na dubi yatsun. Sun tsaya. Dunduniyar ta tsaya.

Hannuna na dama ya tafi da kansa ya sauka a kan maɓallan nan uku. Ina jin sanyinsu. Ta gilashi ina ganin zaren yana juyawa, yana sirancewa, ga Odalis ta toshe baki da hannu biyu, ga Migdalia tana gyaɗa mini kai, wai yi, yi mana. Dannawa ɗaya. Ba wanda zai zarge ni. Shi kansa zuwa gobe ba zai tuna na rantse ba.

Wannan tunanin ne ya sa na janye hannun. In shi ba zai tuna ba, to ni kaɗai na rage da zan tuna.

Na ci gaba da shimfiɗa ba kowa a kai. Tato yana shafa ganga da burushi kamar mai share ƙofar gidan makoki. Muka zagaya gadar, muka sake zagayawa. Ina kallonsa, ina kallon zare, ina kallonsa. Idona ya cika, maɓallan suka narke suka zama fari ɗaya. Sai na nemi inda muke na rasa.

Ni. Tun ina saurayi ban taɓa ɓata a waƙa ba, shi ne abin alfaharina guda ɗaya, ni ne agogon da ake saita wasu da shi. Na danna wani abu, ba shi ba ne. Na danna wani, ya fi muni. Ulises ya ɗago a firgice, yana neman wanda zai bi. An kwashe titin. Ba gaba ba baya. Ashe haka abin yake. Ashe nan yake zuwa kullum, shi kaɗai.

Na ɗauke hannuna gaba ɗaya.

Sai daga damana, can ƙasa, da dishi-dishin nan: gajeru biyu, dogo ɗaya mai hawa.

Na ɗago. Idonsa a buɗe, a kaina, girarsa ɗaya a sama, kallon da yake yi mini in na yi kuskure a domino. Ya sake yi. Dogon ya riƙe shi, ya riƙe, ya lanƙwasa shi a hankali har ya zama sautin farko na amshin Eulalia. Na ga ƙasa. Na sa hannu. Muka tafi gida tare, mu huɗu, shi a baya kaɗan kamar kullum.

Sautin ƙarshe yana mutuwa wutsiyar zaren ta fita tana kaɗawa.

Tato ne ya fara magana, yana share fuska da rigarsa: "Farfesa, duk karatun nan, a gada ka faɗi?"

Na ce da Migdalia ko za a iya rage wurin da na yi ɓarna. Ta ce, "Ɗaki ɗaya kuke. Ba ya goguwa." Ta ɗan tsaya. "Ko yana goguwa ma."

Asabar, 1 ga Oktoba, da hantsi

Na kai masa kaset ɗin da Migdalia ta juya mana. Kaya a ɗaure, ɗakin ya yi girma. Odalis ta ari rediyon maƙwabta mai batir. Ya zauna a kan akwati ya saurara, hannu a gwiwa, yatsun suna tafiya.

"Wannan mai alton ya iya," ya ce. "Ba ya gaggawa. Yaran yanzu su zo su ji."

"Ya iya," na ce.

Aka zo gada. Dogon shirun, sannan ɓarnata, tsirara, kowa ya ji. Ya runtse ido kamar ya tauna tsakuwa.

"Kash. Mai piyanon ya ɓata." Sai fiton ya zo, ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ji! Ka ji ya kira shi! Allah ya so shi yana da aboki, wannan bawan Allah. Ka san shi?"

"Na san shi. Wani mai yawan karatu ne."

"Su ne ai," in ji shi. "Ka ce masa kada ya damu. Kowa yana ɓata."

Na ɗauki akwatin saksafon na sauka da shi har titi. A tasha Odalis ta rungume ni, ta tura mini wani abu a aljihu, wai in riƙa buɗe tagogi saboda danshi. Baldo ya ɗaga mini hannu ta tagar jirgi, cikin ladabi.

Litinin, 3 ga Oktoba, da safe

Na je buɗe tagogi. Makullin yana aljihuna, a cikin safarsa. Duk da haka na tsaya a titi na yi fito, na ɗan jira, yadda ake yi wa mutumin da bai taɓa shigowa a kan bugu ba.